Kofkek da kukis na mangwaro a bazara, yadda za ki yi su a gida ba su caɓe ba

Da zarar bazara ta shigo, daga watan Maris har wajen Mayu haka, mangwaro ya cika gari kenan, duk lungun da kika leƙa baro ne, a Kasuwar 'Yan Lemo ta Na'ibawa a Kano kuwa mota-mota ake saukewa. Lemon tsami na nan, abarba na nan, in kina da hanyar Jos ma za ki iya samun ragowar sitiroberi na wajen Vom kafin lokacinsa ya wuce. Toh mai son gashi dole ranta ya biya ta ce bari ta zuba su a kek, sai dai nan ne ake samun matsala, a yanka mangwaro a watsa cikin kwaɓi a saka a oben, ya fito samansa ya yi kyau cikinsa kuwa danƙo, ko kukis ya baje a tire ya haɗe ya zama guda ɗaya.

Abu biyu ne ke jawo haka, ruwan da ke cikin kayan marmarin da kuma zafin gari. Mangwaro ya fi kashi 80 cikin ɗari ruwa ne, sitiroberi ya kai kashi 90. Sannan yawancin girke-girken da ake gani a intanet na kek ɗin bazara, mutanen Turai da Amurka ne suka rubuta, su bazararsu lokacin da sanyi ya fara raguwa ne, kicin ɗinsu bai fi digiri 20 ba. Mu kuwa a watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi sai ya taka 40, ita kuma bota tun daga wajen digiri 32 zuwa 35 take narkewa. Kinga ashe tun kafin ki kunna wuta an fara cin ki. Duk abin da zan faɗa a ƙasa a kan magance waɗannan biyun ne, sauran aikin ba wuya.

Awo tukuna

In na ce kofi ina nufin kofin awo na masu kek mai cin mililita 240, ba kofin shayin maigida ba. Gwangwanin madarar ruwa da muke awo da shi bai kai kofi ba, wajen kashi biyu cikin uku ne, don haka in shi kike da shi gwangwani ɗaya da rabi shi ne kofi ɗaya. Kofin fulawa wajen giram 125 ne, na suga giram 200. Kuma dan Allah kar ki luma kofin cikin buhun fulawa ki danna, da cokali ake zubawa har ya cika sai a shafe saman da bayan wuƙa, in kika danna sai ki ƙara kusan kwata ba ki sani ba, kek ya fito da tauri ki ce oben ne. Mai ƙaramin sikeli na kicin ta huta da duk wannan.

Mataki na farko, kuma shi ne babba: ƙafar da mangwaron

Ki nemi mangwaro mai tsoka wanda ba shi da zare, irin su paparanda ko Binta suga, wanda ya nuna sosai amma bai fara tsami ba. Mai zaren nan na tsotsa shi ma zai yi in shi ne a hannu, sai dai dole ki tace da rariya bayan markaɗe, kuma za ki yi asarar kusan rabi. Guda huɗu zuwa biyar matsakaita, ki wanke ki fere ki yanke tsokar ki markaɗa a bilenda ba tare da kin sa ruwa ko ɗigo ba. Ana so ki samu kofi uku.

Ki juye a tukunya mai faɗi, faɗin yana da amfani don tururi ya fi saurin fita, ki matse lemon tsami babban cokali ɗaya a ciki, ki ɗora a wuta kaɗan-kaɗan babu murfi. Kina juyawa da muciya ko cokalin katako, musamman ƙasan don mangwaro akwai suga yana kamu da wuri, kuma ki yi hankali yana tsalle in ya fara tafasa, ya taɓa hannu ba daɗi. Minti 25 zuwa 30 zai koma rabi, wato kofi ɗaya da rabi, kalarsa ta ƙara duhu, kaurinsa ya zama kamar tumatirin gwangwani da aka ɗan saki, in kika ja cokali a tsakiyar tukunyar za ki ga ƙasa na ɗan lokaci kafin ya rufe. Abin da kika yi a nan shi ne kin kori ruwan kin bar ɗanɗanon, rabin kofi na wannan ya fi kofi guda na ɗanye ƙamshi a cikin kek, kuma ba zai jiƙa miki kwaɓi ba.

Ki ɗebi rabi ki ajiye ya huce, na kek da na ado kenan. Ragowar da ke tukunya ki zuba suga kashi ɗaya cikin uku na kofi da ƙarin lemon tsami ƙaramin cokali, ki ci gaba da juyawa minti 6 zuwa 8 har ya yi sheƙi, ya zama jam kenan na kukis. In kina son tabbatarwa ki ɗiga kaɗan a farantin da ya yi sanyi, ki karkata, in bai gudu ba ya yi. Ni dai shawarata ki yi wannan aikin da daddare ki sa a firij, washegari kin rage rabin wahala, don in kika zuba shi da ɗumi a kan bota to narkar da ita zai yi.

Sitiroberi ma haka ake masa, sai dai shi ya fi ruwa, sai ya koma ƙasa da rabi kafin ya yi kauri. Abarba kuwa dafawar dole ce ba zaɓi ba, ɗanyarta tana da wani sinadari mai narkar da furotin, shi ne yake sa harshe kaikayi in an sha da yawa, in ya zauna da madara ko kirim sai ya tsinka su ya sa ɗaci, wuta ce ke kashe shi. Ayaba ce kawai ake dagargazawa a zuba kai tsaye. Kankana ki bar ta a sha, ba ta da abin da za ta ba kek sai ruwa. Lemo kuma, na zaƙi ko na tsami, ƙamshinsa a ɓawo yake ba a ruwa ba, ki wanke shi sosai ki goga a ƙaramin idon magogi, saman mai kala kawai, in kika kai farin ciki ɗaci ne.

Kofkek guda 12

Abin da za ki tanada: fulawa kofi ɗaya da rabi, bota giram 125 (rabin ledar Simas ta giram 250 kenan, in kuma kina da bota ta gaske ta madara ta fi daɗi nesa ba kusa ba, sai dai tsada da saurin narkewa), suga kashi uku cikin huɗu na kofi, ƙwai 2, bekin fauda ƙaramin cokali ɗaya da rabi, bekin soda kwatan ƙaramin cokali, gishiri ɗan yatsa biyu, dafaffen mangwaron nan rabin kofi, madarar ruwa babban cokali 3, gogaggen ɓawon lemon tsami guda ɗaya, filebo na banila rabin ƙaramin cokali in kina so. Sugan kar ki ƙara a kan haka, mangwaron ya riga ya zo da nasa.

Wannan ɗan bekin sodan saboda tsamin mangwaro da lemon ne, shi soda sai ya haɗu da abu mai tsami yake aiki, bekin fauda kuwa da tsaminsa yake zuwa a ciki. Kar ki ce bari in ƙara don ya fi tashi, in ya yi yawa ɗanɗanon sabulu za ki ji kuma kalar kek ɗin ta dafe. In kuma gwangwanin bekin faudan ya daɗe a buɗe, ki zuba rabin cokali a ruwan zafi, in bai yi kumfa nan take ba ya mutu, ki sayo wani.

Kafin komai ki kunna oben a digiri 180 ya yi minti 15 yana zafi, ki jera takardun kofkek a gwangwanayensu. Ki tankaɗe fulawa da bekin fauda da soda da gishiri wuri ɗaya ki ajiye. Ki zuba suga a roba, ki sa ɓawon lemon a kai ki murza da yatsu har sugan ya ɗan jiƙe ya ɗauki ƙamshi, wannan minti ɗaya ne amma bambancinsa a baki ba kaɗan ba ne.

Yanzu bota. Ana so ta yi laushin da in kika danna da yatsa zai shiga ya bar gurbi, amma ba ta fara maiƙo tana ƙyalli ba. A zafin nan in ta kwana a waje to ta wuce haka, ki sa ta a firij minti 15 zuwa 20 tukuna, in babu wuta ki ɗora robar a cikin wata babbar roba mai ruwan sanyi ko ƙanƙara. Dalili kuwa, bugun bota da suga iska yake cusawa a ciki, ƙwayoyin suga na huda botar suna barin ƙananan ramuka, su ne bekin fauda ke hurawa a wuta kek ya tashi. Narkakkiyar bota ba ta riƙe iska, ko awa za ki yi kina bugu. Ki buga da mikisa minti 4 zuwa 5, da muciya kuwa ki shirya wa minti 10 ko fiye, har sai kalar ta yi fari-fari ta ƙara yawa.

Ƙwai ɗaya bayan ɗaya, kuma kowanne ki fara fasa shi a wani kofi daban, ƙwai na saurin lalacewa a bazara, guda ɗaya ya isa ya ja miki asarar bota da suga gaba ɗaya. Ki buga na farko ya ɓace kafin ki sa na biyu. In kika ga kwaɓin ya fara tsinkewa yana gudaji-gudaji, kar hankalinki ya tashi, ki zuba babban cokali ɗaya na fulawar ki ci gaba, zai dawo.

Daga nan ki ajiye mikisa, sauran da cokali ne. Ki haɗa mangwaron da madara da filebo a kofi. Ki zuba kashi ɗaya cikin uku na fulawa ki juya a hankali daga ƙasa zuwa sama, sai rabin mangwaro, sai fulawa, sai ragowar mangwaro, ki ƙare da fulawa. Da kin daina ganin farin gari ki tsaya, ko da ƴan gudaji ƙanana. Fulawa in ta jiƙe ana ta juya ta danƙo take yi, wannan danƙon a burodi da fanke ake nemansa, a kek kuwa shi ke sa ya yi tauri da dogayen ramuka a ciki. Kwaɓin da ya yi daidai, in kika ɗebo a cokali kika karkata zai faɗo da kansa a hankali, in ya ƙi faɗowa ki ƙara madara cokali ɗaya.

In kina son a ga gutsattsarin mangwaro a ciki, ki yanka wanda bai yi luguf ba ƙanana sosai, bai wuce kashi ɗaya cikin uku na kofi ba, ki tsane shi da tishu, ki barbaɗa masa fulawa ƙaramin cokali ki juya sannan ki zuba a ƙarshe. Gaskiya ni na fi son barin shi, don gefen kowane yanki yakan yi ɗan damshi kuma kek ɗin ba ya kwana biyu, amma yara suna so.

Ki cika kowace takarda kashi biyu cikin uku, kar ki cika ta fal. Ki saka a tsakiyar oben minti 18 zuwa 22, kuma minti 15 na farko kar ki buɗe, ko waye ya ce ki leƙa. Iska mai sanyi in ta shiga kafin cikinsa ya kama sai tsakiyar ta lotsa. Ki soka tsinken sakace a tsakiyar ɗaya, in ya fito babu ɗanyen kwaɓi ya yi, ɗan burbushi ba komai. Ki bar su minti 5 a gwangwani sai ki fito da su ki jera inda iska ke shiga ta ƙasa, in suka huce a cikin gwangwani gumi suke yi takardar ta saki.

Maganar oben da tukunya

Yawancin oben ɗin gas da ke gidajenmu wutarsa daga ƙasa take kuma lambobin jikinsa ba abin yarda ba ne, wani ma babu lambar sai babba da ƙarami. Shi ya sa ƙasan kek ke ƙonewa sama bai yi ba. Ki sa tiren banza a layin ƙasa ya tare wutar, kek ɗin a layin tsakiya. Don gane zafin, ki barbaɗa fulawa cokali ɗaya a tire ki saka, in a minti 5 ta yi ruwan zuma to zafin ya yi daidai, in ta yi baƙi ki rage, in tana nan fara ki ƙara. Mai son ta riƙa yi kullum ko ta sayar, ta daure ta sayi ma'aunin zafi na oben da ake ratayewa a ciki, masu kayan kek suna sayarwa.

Wadda ba ta da oben, ko NEPA ta ɗauke ana tsaka da kwaɓi, tukunya na yi. Ki samu babbar tukunyar dalma mai kauri wadda kin haƙura da ita, ki zuba yashi mai tsabta wanda aka wanke ya bushe, ko ƙananan duwatsu, ko gishiri, kaurin yatsa biyu. Ki ɗora wani abu a kai da zai ɗaga gwangwanayen, kamar murfin tukunya ƙarami ko waya, don kar su zauna kan yashin kai tsaye. Ki rufe ki bar ta ta yi zafi minti 15 zuwa 20 a matsakaiciyar wuta, sannan ki jera kek ki rufe ki rage wutar. Murfin ya zauna daram. Zai ɗauki minti 25 zuwa 30, samansa kuma ba zai yi ja sosai ba tunda babu wuta ta sama, in a kurfoti kike yi sai ki ɗebi garwashi kaɗan ki ɗora kan murfin a minti 10 na ƙarshe. In kwaɓin ya fi ƙarfin tukunya sau ɗaya, ragowar ya jira a wuri mai sanyi, kar a bar shi kusa da wuta don sodan ya riga ya fara aiki.

Adon sama

A nan zafi ya fi cin mutane. Kirim ɗin bota yana da kyau a hoto, amma in za a kai gidan biki ko a ajiye a falo babu fanka to kafin a ci ya zube. In dai a gida za a ci kuma akwai firij, ki buga bota giram 125 ita kaɗai har ta yi fari, ki riƙa zuba tankaɗaɗɗen aisin suga (niƙaƙƙen suga mai laushi kamar fulawa) kofi biyu kaɗan-kaɗan, sai dafaffen mangwaro mai sanyi babban cokali 2 zuwa 3 da ɗan gishiri. Kar ki wuce cokali 3, zai tsinke. In ya yi ruwa ki sa a firij minti 15 ki sake bugawa kafin ki fara tunanin ƙara suga, sau da yawa zafi ne ba ƙarancin suga ba.

Wanda na fi yarda da shi a bazara shi ne mai sauƙin, aisin suga kofi ɗaya, ruwan lemon tsami babban cokali ɗaya da rabi zuwa biyu, mangwaro ƙaramin cokali don kala, ki dama ya yi kauri yana zuba da ƙyar, ki ɗora cokali a kan kowane kek ki bar shi ya bazu da kansa. Minti 20 ya bushe ya yi ɓawo, babu bota a ciki balle ta narke, kuma tsamin yana yanke zaƙin. Ko wanne za ki yi sai kek ya huce sarai. Ɗanyen yankan mangwaro ko sitiroberi a sama kuma sai lokacin da za a ci, in ya zauna ruwa yake fitarwa ya ɓata adon.

Kukis mai jam a tsakiya

Shi kukis bai son ruwa ko kaɗan, don haka ɗanyen kayan marmari ba ya shiga cikin kwaɓinsa. Hanya uku ce, ɓawon lemo, busasshe irin dabino da kwakwa, ko jam a sama. Wannan na farkon ya haɗa biyu.

Awonsa mai sauƙin riƙewa ne, suga kashi 1, bota kashi 2, fulawa kashi 3 a nauyi. Wato bota giram 250, aisin suga giram 125 (kofi ɗaya), fulawa giram 325 wato kofi biyu da rabi da ɗan ƙari, kon fulawa (sitacin masara) giram 50 wajen babban cokali 6, gwaiduwar ƙwai 1, ɓawon lemon zaƙi guda ɗaya, gishiri kaɗan. In Simas ce ko wata majarin mai gishiri ki rage gishirin. Babu bekin fauda, ba a son ya tashi. Kon fulawan shi ke sa ya narke a baki, aisin suga kuma ya fi suga mai ƙwaya sa shi laushi, in babu ki niƙa sugan a busasshiyar bilenda.

Ki buga bota da suga da ɓawon lemo minti 2 kacal, a nan ba a son iska da yawa, ita ke sa kukis ya kumbura ya baje. Ki sa gwaiduwa ki juya, ki zuba fulawa da kon fulawa ki haɗa da cokali sannan da hannu, da ya dunƙule ki tsaya, ba murza ake yi ba. In yana kama hannu sosai ki ƙara fulawa cokali ɗaya ko biyu, amma ki fara sa shi a firij ki gani, galibi ɗumin hannu ne.

Ki riƙa ɗibar babban cokali ɗaya kina mulmulawa, ki jera a tire mai takardar gashi ko wanda aka shafa wa bota sama-sama, da tazarar yatsa biyu a tsakani. Ki danna tsakiyar kowanne da babban yatsa ko bayan ƙaramin cokali ya yi rami, in gefen ya tsage ki haɗe shi da yatsa don jam zai bi ta nan ya tsiyaye. Zai ba ki wajen 35 zuwa 40.

Sai matakin da ba a tsallakewa, tiren gaba ɗaya ya shiga firij minti 30, ko firiza minti 15. Botar da ta daskare tana ɗaukar lokaci kafin ta narke a oben, kafin nan fulawar ta riga ta kama siffa. Wadda ta shiga da laushi kuwa narkewa take kafin komai ya kama, shi ne kukis ɗin da ke haɗewa. In babu wuta, ki sa ƙwallayen a roba mai murfi ki ɗora kan ƙanƙara a kula, ko ki yi aikin bayan asuba lokacin da gari bai ɗau zafi ba. Kuma kar ki jera sabon zubi a tiren da ya fito daga wuta, ki bari ya huce ko ki watsa wa bayansa ruwa ki goge.

Ki zuba jam rabin ƙaramin cokali a kowane rami, kar ya cika ya kai baki don yana tafasa. Digiri 170 zuwa 175, minti 12 zuwa 15. Samansa ba ya yin ja, ƙasan za ki ɗaga ki duba, in ya yi ruwan zuma ki sauke ko da kin ga da laushi, yana hucewa yake ƙarfi. Ki bar shi minti 10 a tire kafin ki taɓa, kuma ki hana yara, jam mai zafi ya fi kukis ɗin riƙe wuta yana ƙona baki. A tukunya ma yana yi, sai dai wuta can ƙasa don ƙasansa na saurin kamawa. Wadda mangwaro ya ƙare mata, zoɓo da aka dafa ya yi laushi aka markaɗa da suga yana ba da jam ja mai ɗan tsami da ya dace da wannan kukis ɗin ƙwarai.

Na dabino da kwakwa

Wannan ba ya buƙatar jam, kuma ya fi jure ajiya, ya dace da kayan sallah. Bota giram 125, suga rabin kofi, ƙwai 1, fulawa kofi ɗaya da rabi, bekin fauda rabin ƙaramin cokali, dabino yankakke ƙanana rabin kofi, kwakwa rabin kofi, ɓawon lemon zaƙi. Kwakwar in ɗanya kika goga ki soya ta a busasshen kasko babu mai har ta bushe ta fara ja, ta huce. Dabinon in busasshe ne mai tauri ki jiƙa shi a ruwan ɗumi minti 10 ki tsane sosai, in ba haka ba a oben ƙara tauri zai yi, kuma ki buɗe kowanne ki duba ciki saboda ƙwari. Haɗin kamar na baya ne, bota da suga, ƙwai, garin, sai dabino da kwakwa a ƙarshe. Ki ɗiba da cokali ki ɗan danne saman, firij minti 30, wuta digiri 175 minti 12 zuwa 14 har gefen ya yi ja.

Wajen ajiya kar ki haɗa kek da kukis a mazubi ɗaya, kukis zai ja damshin kek ya yi laushi. Ko kukis ɗin ma mai jam daban, na dabino daban. Na dabino a roba mai murfin kirki zai yi mako guda zuwa kwana goma, mai jam kwana huɗu zuwa biyar, ki sa takarda tsakanin layi da layi don kar su manne. Kofkek mai mangwaro a wannan zafin kwana ɗaya ne zuwa biyu a waje, a firij kwana uku zuwa huɗu cikin abu mai murfi, ki fito da shi minti 20 kafin a ci don botar ta saki. Wanda ba a yi wa ado ba za ki iya naɗe kowanne a leda ki sa a firiza in wutarku na tsayawa. Dafaffen mangwaron ma haka, tunda yanzu yake araha ki dafa da yawa ki ƙulla rabin kofi rabin kofi a leda ki daskarar, kowane ƙulli na kofkek 12 ne.